Agogon da Almakashi Ba Ya Ci

Shekara uku cur ina yi wa mijina ƙarya, kuma ko sau ɗaya ban buɗe baki na yi ta ba. Da allura nake yi.

Ni tela ce. Shi kuwa aikinsa awon filaye: ya kafa na'urarsa mai ƙafa uku a tsakiyar rana, ya kanne ido ɗaya, ya nuna wa mutum inda filinsa ya ƙare, ko taku ɗaya ba ya yafewa. Ya san faɗin rabin filayen garin nan, amma bai san faɗin kafaɗarsa ba. Dogo ne siriri, irin wanda in iska ta taso sai ka ji kamar ka riƙe masa riga. Ni kuwa abin da ya fara sace min zuciya ke nan: dogayen yatsunsa, da tsintsiyar hannunsa da nake zagayewa da yatsu biyu har su haɗu. Na karanta labaran soyayya ba adadi, kuma a cikinsu duka ƙirjin saurayin kamar ƙofar gareji yake. Babu ɗaya a cikinsu da ya taɓa hana ni cin abinci. Wannan siririn hannun ya hana ni.

Matsalar ita ce shi ba ya son sa, kuma yayansa ne sila. Yaya ƙato ne, mai murya kamar ana mirgina ganga, mai kirki matuƙa, amma tun suna yara yake kiran ƙanensa Tsinke, har yau bai daina ba. Mijina ya tashi yana gadon rigunan Yaya, yana naɗe hannunsu sau uku yana jiran ranar da zai cika su. Da ya girma ya fara sayen nasa 'yan kanti, bai taɓa tambayar lambarsa ba. Lambar Yaya yake saya: wuya inci goma sha bakwai. Haka na same shi, yana yawo cikin riga kamar tuta a jikin sanda.

Sati biyu da aurenmu ya shigo da sabuwar riga ruwan toka. Na karɓe na ce sabuwar riga akwai ƙurar kanti, sai an wanke an goge. Yana fita aiki na kwance kwalar, na rage kafaɗa, na tsuke gefe, na matsar da maɓallin hannu, na mai da ita goma sha biyar cif. Sannan na ɗauki 'yar lambar nan ta bayan wuya na mayar inda take, da zare irin nata.

Da safe ya sa, ya tsaya gaban madubi. Ya juya hagu, ya juya dama.

"Tela," ya ce, don haka yake kirana, "zo ki gani. Aure ya karɓe ni!"

Wallahi na buɗe baki zan faɗa masa. Sai na ga yadda yake shafa ƙirjinsa a hankali, kamar wanda aka mayar wa abin da aka ƙwace masa tun yana yaro. Na rufe bakina, na ce, "Sosai ma kuwa, Injiniya." Tun daga ranar kowace riga sai ta kwana biyu a ɗakin ɗinkina kafin ta hau jikinsa.

Ba ni kaɗai ce mai laifi a dangin ba. Wata rana matar Yaya, faccalata, wadda nake kira Anti, ta shigo ɗakin ɗinkin da leda a hammata, ta tura ƙofa da ƙafa.

"Ƙanwata, rufa min asiri. Yayanku ya bar goma sha bakwai tun kafin in haifi na biyu. Goma sha tara nake sayo masa in yanke lambar. Yanzu ya fara tambaya wai me ya sa rigunansa ba su da lamba."

Na jawo gwangwanin alawa daga ƙarƙashin keken ɗinki, na buɗe mata. Cike yake da lambobin goma sha bakwai da na ciro daga tsofaffin rigunan mijina. Muka kalli juna, muka yi dariya har Anti ta zauna a kan yadin mutane. Daga nan aikin ya zama biyu: in rage wa ƙane, in liƙa wa wa. Duk zuriyar babu mai wuya goma sha bakwai, amma maza biyu suna taƙama da shi.

Da an tsaya a riga, da har yau muna zaune lafiya. Sai agogo ya shigo.

Yaya ne ya fara saya, shekarun baya: agogon masu nutso a teku, baƙi, mai kauri, mai zobe a gefen fuska da ke juyawa yana ƙas-ƙas-ƙas. In ana hira sai ya riƙa murza zoben don kowa ya ji. Ko ruwa bai iya ba. Mijina ma haka. In ya shiga baho ruwan ya wuce cibiya sai ya fara salati. Amma shekara huɗu yana tara kuɗin irin agogon nan, ya hana kansa sabuwar mota, ya hana kansa hutu. Littafin hotunan kantin kuwa ya zama ɗan gida, har tabon shayi ne a shafi na tara, inda agogo biyu suke kallon juna.

Ɗaya babba ne, baƙi, faɗinsa milimita arba'in da huɗu, ƙanen na Yaya sak. Ɗayan shuɗi ne, talatin da tara, siriri, mara nauyi. Abin haushi, ƙaramin ya fi tsada. Ni da keken ɗinki nake auna kuɗi: babban zai sayi keke goma sha biyu, ƙaramin goma sha biyar.

"Kin ga hankali ke nan," in ji mijina. "Babban ya fi ƙarfe yawa, ya fi araha. Wa zai biya ƙari don a rage masa?"

Na sunkuyar da kai ina tsinke zare, don ni na san wanda ake rage wa kyauta.

Ran wata Talata da yamma, da yake mutum ne mai son tabbatarwa, ya ɗauko abin zana da'ira daga jakar aikinsa, ya zana arba'in da huɗu a bayan kwalin shayi, ya yanke, ya ɗora a tsintsiyar hannunsa. Ina kallo daga bakin ƙofa. Kwalin ya rufe hannun ruf, har ya yi baranda hagu da dama. Ya daɗe yana kallonsa. Fuskar nan da ta haskaka a gaban madubi shekara uku da suka wuce, na ga tana mutuwa a hankali kamar fitilar da mai ya ƙare mata. Ya ajiye kwalin a tebur, ya ce bari ya watsa ruwa.

Ban yi shawara da kaina ba, na rantse. Hannuna ne ya yi. Kafin in ji ƙarar famfo ta tsaya, almakashina ya zagaye kwalin sau ɗaya, ya sauke masa siririn zobe, na tura zoben cikin aljihun siket.

Ya fito yana goge kai, ya ɗauki kwalin kamar mai ban kwana da shi, ya sake ɗorawa. Ya tsaya. Ya matsa kusa da taga.

"Ikon Allah. Tela, ashe ɗazu a karkace na ɗora shi! Dubi yadda ya zauna. Kamar don ni aka yi!"

Kafin in haɗiye yawu ya ɗauki waya. "Yaya? Ran Asabar ka shirya, kai da Anti, za ku raka ni kantin agogo. Irin naka zan ɗauko. Eh, babban!"

A nan ne hankalina ya dawo jikina. Yadi yana jin almakashi, kwali ma yana ji. Ƙarfe fa? Ran Asabar mijina zai ɗaura tulun ƙarfe a hannun nan a gaban mutumin da ya raɗa masa Tsinke, kuma ni ce na tura shi.

Washegari na rufe ɗakin ɗinkina da wuri na tafi kantin. Ɗan ƙaramin wuri ne mai sanyi, tsakanin kantin tabarau da na takalma, ƙofarsa ba ta buɗewa sai an danna maka maɓalli daga ciki. Mai kantin dattijo ne mai furfura a gira, da gilashin duba ƙananan abubuwa rataye a wuya. Na gaishe shi, na zayyana masa komai, har da gwangwanin alawa. Ya saurara bai katse ni ba, sai dai girarsa da ke ta hawa.

"To, 'yata, me kike so in yi?"

"Baba, ka ce babban ya ƙare."

"Ga shi can a taga yana kallon titi."

"To ka sa ƙaramin a akwatin babban. Ni zan cika kuɗin, ko kekena zan sayar."

"Ɗaya baƙi, ɗaya shuɗi. Mijin naki makaho ne?"

"Ba a rage shi? Ko kaɗan? Ta gefe-gefe haka?"

Ya yi dariya har ya cire gilashin ya ajiye. Ya fito da babban ya ɗora min a tafin hannu, na ji kamar an ba ni kan guduma. Ya nuna min ƙahonni huɗu da ke riƙe sarƙar. Ya ce sarƙa ana cire mata gaɓa, ana ƙara mata, amma ƙahonnin nan in suka wuce faɗin hannun mutum, babu dabara, sai dai agogon ya yi ta lilo kamar ƙararrawar akuya.

"Inci nawa ne hannunsa?"

"Shida da kwata."

"Ko tunani ba ki yi ba."

"Ni nake matsar masa da maɓalli, Baba."

Ya mai da agogon mazauninsa, ya goge shi da ƙyalle. "Shekara talatin da ɗaya ina wannan kantin, ban taɓa yi wa mai saye ƙarya ba, ba kuma zan fara da mijinki ba. Amma ban taɓa tona asirin matar kowa ba. Da ina yi, da rabin gidajen unguwar nan sun watse." Ya dubi hannun rigarsa, ya dube ni. "Ke kuma daina kallon min riga haka. Na san ta yi min yawa."

Ran Asabar da hantsi muka shiga mu huɗu. Yaya a gaba, yana cika ƙofa, yana murza zoben agogonsa. Mijina sanye da rigar nan ruwan toka, ya yi aski, yana ƙamshi kamar ranar da ya fara zuwa gidanmu. Anti ta matse min hannu. A mota na raɗa mata abin da na aikata, tun daga lokacin take karanto addu'a ƙasa-ƙasa.

Dattijon ya gaishe ni kamar bai taɓa ganina ba. Ya shimfiɗa ƙyalle mai laushi a kan kanta, ya jera agogon biyu. Ya yi bayani a natse: kowanne yana jure zurfin mita ɗari uku, hannayensu suna haske a duhun ruwa, zoben kuma gefe ɗaya kawai yake juyawa, don ko mai nutso ya buge shi bisa kuskure, lokacin da ya rage masa ya ragu, kada ya ƙaru.

"Ranka ya daɗe a wane ruwa kake nutso?" ya tambayi mijina.

"A bokiti!" in ji Yaya, ya bushe da dariya.

"Kai fa, Yaya? Ran da muka shiga kwalekwale wa ya rungume matuƙi?"

"Rufe min baki, Tsinke. Ɗaura mu gani."

Mijina ya naɗe hannun riga, ya miƙa. Dattijon ya ɗaura masa babban, ya danna maƙulli, ya ja da baya.

Ƙahonnin suka yi tsaye a sarari, babu abin da ke ƙarƙashinsu sai iska. Mijina ya ɗan sauke hannu, agogon ya sulale ya faɗo kan bayan tafinsa. Ya ɗaga, ya gangara har kusa da gwiwar hannu. Ya juya, fuskar agogon ta koma ƙasa tana kallon takalminsa.

Yaya ya yi ƙoƙari, ban ƙi masa ba. Ya cije leɓe, kumatunsa suka kumbura. Sannan abin ya fashe.

"Wayyo cikina! An rataya wa tsinke faranti! Baba, ba ku da mai igiya, ya rataya a wuya?"

Mijina bai yi dariya ba. Ya sa hannu a aljihu ya fito da kwalin. "Akwai kuskure. Na gwada a gida, daidai yake. Wannan ba arba'in da huɗu ba ne."

Ya ɗora kwalin a kan fuskar agogon. Baƙin zoben ya leƙo ta ko'ina, ya kewaye kwalin kamar kwalli a ido. Ya ɗaga kwalin sama, ya kanne ido ɗaya irin na wurin aiki, ya bi gefensa da kallo. Shi da wuƙar takarda ya yanka, yankansa yana da gargada. Wannan kuwa sumul yake, zagaye ɗaya babu tsayawa, kuma babu ko ɗigon layin fensirinsa. Mutum ɗaya ya sani a duniya mai irin wannan yanka.

Ya juyo ya dube ni.

"Tela?"

"Na'am, Injiniya."

"Kwalin kawai?"

Da zan iya cewa eh. Da ya yarda, don yana so ya yarda. Na gan shi yana taɓa kwalar rigarsa kamar mai neman shaida. "Ai lambarmu ɗaya da Yaya," ya ce, ba da ni yake ba, ba kuma da kowa ba. "Goma sha bakwai nake sawa. Ta cika ni."

Na buɗe jaka na ciro tef ɗin awona. Na zagaya shi a wuyansa, a wurin da na saba sumbata, na karanta a fili.

"Goma sha biyar. Tun ranar da na san ka, goma sha biyar. Duk rigar da ka kawo gida ni nake rage ta in mayar da lambar. Aure bai ƙara maka ko rabin inci ba. Ni ce ban iya ganin fuskarka in abu ya yi maka yawa."

Hawaye suka zubo min, na bar su. Shi kuwa ya tsaya da agogon yana reto a hannunsa, kunnuwansa sun yi ja.

Yaya ya dafa kanta, dariya ta hana shi numfashi. "Shekara uku! Shekara uku yana zuwa gidana yana buɗe min ƙirji, wai mun zama ɗaya! Kai, ƙanwata, Allah ya yi miki albarka. Yau zan kira kowa a dangi!"

Na dubi Anti. Ban roƙe ta ba. Asirinta nata ne, na kuma yi alkawari. Ta kalli mijina da ke kallon ƙasa, ta kalli nata mijin da ke share hawayen dariya da bayan hannu. Ta gyara zaman jakarta a kafaɗa.

"Ƙanwata," ta ce, "tunda tef ɗin yana hannunki, auna min wannan ma."

"Ni? Auna mana!" Yaya ya miƙe wuya kamar zakara. "Goma sha bakwai tun ina saurayi. Duba bayan rigar ki gani."

Sai da na yi ɗage kafin na kai. Tef ɗin ya tafi, ya tafi, ya wuce goma sha bakwai ko sallama bai yi mata ba.

"Goma sha tara da rabi, Yaya."

"Tef ɗinki ya lalace."

"Anti, ya ƙara rabi," na ce.

"Na lura," in ji ta. "Maɓallin sama ya kusa tashi ran Laraba."

"Lambar da ke wuyanka ma, Yaya," na ce a hankali, "daga tsohuwar rigar ƙanenka na ciro ta."

Yaya ya kai hannu bayan wuya yana laluben lambar, yana juyawa kamar mai korar ƙuda. Da abin ya gagara sai ya ɗaga hannunsa na hagu. "To wannan fa? Shekara shida agogon nan yana hannuna, ko sau ɗaya bai matse ni ba. Ƙarfe ai ba ya ƙarya. Baba, kai ka sayar min, faɗa musu!"

Dattijon ya duƙufa yana goge gilashinsa. "Ni ba na shiga maganar iyali."

"Sau uku ina kawo shi ana ƙara masa gaɓa," in ji Anti. "Duk ran da na ce maka na kai a wanke."

Wani sauti ya fito daga hancin mijina. Ya yi ƙoƙarin mai da shi tari, bai yiwu ba. Ya dafa kafaɗar yayansa, dariya tana girgiza shi har agogon yana ƙara a hannunsa, ya ce, "Sannu, Yaya. Wa za ka fara kira a dangin?"

"Ku duka munafukai ne," in ji Yaya, ya jawo kujera ya zauna, kujerar ta yi ƙara. "Har da kai, Baba."

Da kantin ya lafa, dattijon ya kwance babban daga hannun mijina ba tare da ya tambaya ba, ya cire wa shuɗin gaɓa uku, ya ɗaura masa. Ƙahonnin suka kwanta a kan ƙashin hannun kamar sun san shi. Mijina ya sauke hannu, agogon bai motsa ba. Ya ja hannun riga, ya shige ƙarƙashinsa salin-alin. Shuɗin nan a kan fatarsa, ni dai sai da na dafe ƙirji. Duk littattafan da na karanta babu wanda ya gaya min cewa tsintsiyar hannun mutum tana iya sa ka ji kamar ka sake aurensa.

Ya daɗe yana kallo. Sannan ya tambayi kuɗin, ko da yake ya sani, ya kwance shi a hankali ya ajiye a kan ƙyallen.

"Kuɗin babban na tara. Wannan sai nan da wata biyar, in aikin da nake jira ya fito."

"Ɗauki abinka, ni zan cika," in ji Yaya daga kujera, murya ƙasa-ƙasa. Irin ban haƙurinsa ke nan.

"A'a, Yaya. Na gode. Na sa naka ya isa haka."

Na ce zan sayar da keke ɗaya. Ko kallona bai yi ba. Dattijon ya ce shi ba ya ajiye wa kowa kaya, amma gaɓoɓi ukun da ya cire, tsufa ya sa ba ya tuna inda yake ajiye abu, kuma babu mai sayen agogon da ba ya zagaye hannunsa.

A mota mijina bai yi min magana ba. A gida ma haka. Ya shige ɗaki, na ji ƙarar ƙofar kabad, na zauna a gaban kekena ina jujjuya zoben kwalin nan da ke aljihuna tun ran Talata, ina tsara yadda zan rayu in ya daina kirana Tela. Har na kai ga wace riga zan sa ranar da zan koma gidanmu, sai ga shi ya turo ƙofa da ƙafa, rungume da rigunansa kaf. Ya zube su a kan teburin yanka.

"Guda nawa ne?"

"Ashirin da uku. Da wanduna shida."

"Har da wanduna?"

"Tsayinsu dai naka ne."

Ya ɗauki rigar nan ruwan toka da ya cire, ya juya kwalar, ya bi ɗinkin da yatsa. Ya nemi inda na kwance na mayar, bai samu ba.

"Kwana nawa kowace take cin ki?"

"Biyu. Mai layi-layi uku, sai an haɗa layin."

Ya yi lissafin a ransa. Sannan ya ɗauki reza a kan keke ya fara yanke lambar da kansa. Ya yanke har da naman rigar.

"Kai, Injiniya, za ka ɓata min aiki! Kawo."

"Bari. Ni na saya, ni zan cire." Ya jefa lambar cikin gwangwanin alawa. "Ki ajiye wa Yaya, zai buƙata." Ya tsaya a tsakiyar ɗakin daga shi sai singileti, ya buɗe hannuwa kamar mai shirin tashi sama. "Auna ni. Duka. Ki faɗa da ƙarfi, ni zan rubuta. Daga yau abin da tef ya ce shi za a saya."

Na share fuska, na rataya tef. Wuya, goma sha biyar. Ya rubuta a bayan littafin hotunan agogon. Kafaɗa, goma sha shida da rabi, ya rubuta. Tsintsiyar hannu, shida da kwata. Na ɗan daɗe a nan fiye da yadda aikin yake buƙata, bai hana ni ba. Sannan na zagaya tef ɗin a ƙirjinsa, na matso har ina jin bugun zuciyarsa a kumatuna.

"Ƙirji, talatin da shida."

Bai rubuta ba. Ya sunkuyo, ya kanne ido ɗaya.

"Tela."

"Na'am?"

"Cire yatsanki daga ƙarƙashin tef ɗin."